Daga Harbi-ka-ruga Zuwa Libarba: Tarihin Ƙananan Bindigogin Albarushi Masu Harbi Bi-da-bi

Gabatarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a gida ba zai manta da safiyar hawan Sallah ba, lokacin da 'yan bindiga kan jeru a gaban tawagar hakimi suna wasan wuta. Ƙarar ce ke fara iso mu, sannan farin hayaƙi ya turnuƙe fili, warin albarushi ya cika hanci. To amma abin da ya fi jan hankalinmu muna yara shi ne abin da ke biyo bayan harbin. Sai ka ga mutum ya ratse gefe, ya kafa gindin bindiga a ƙasa, ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya zaro sandar ɗuri yana dannawa. Kafin ya gama, dawaki sun yi nisa, sai ya bi su da gudu. Dattawa suka raɗa wa wannan bindiga suna harbi-ka-ruga, domin a fagen daga idan ka harba ba ka samu ba, ƙafa ce kaɗai za ta fisshe ka.

Wannan suna na raha ya ƙunshi matsalar da ta hana maƙeran Turai da Amurka barci har kimanin shekaru ɗari uku, wato yadda mutum zai yi harbi na biyu ba tare da ya tsaya ɗuri ba. A wannan maƙala za mu bi sawun dabarun da suka gwada, musamman a ƙananan bindigogi na hannu, mu ga inda suka yi nasara da inda suka sha ƙasa, sannan mu duba yadda abin ya shafi ƙasarmu.

Mafarin Al'amari

A ƙasar Sin aka fara haɗa albarushi, wajen ƙarni na 9, daga gawayi da farar wuta da wani irin gishiri mai ƙara wa wuta ƙarfi. Wani littafin dabarun yaƙi na Sinawa da aka kammala a 1044 ya kawo bayanin haɗin a rubuce. Ɗaya daga cikin tsofaffin bindigogin ƙarfe da aka tono, ta lardin Heilongjiang, ba ta gaza shekarar 1288 tsufa ba. Daga nan abin ya bazu zuwa ƙasashen Musulmi da Turai. Su kansu kalmomin da muke amfani da su shaida ne kan hanyar da abin ya biyo ya iso mu, domin albarushi da bindiga duk daga Larabci muka aro su.

Matsalar farko ita ce yadda za a kai wuta ga albarushin. A ƙarni na 15 Turawa suka fito da bindiga mai lagwani: igiya ce ke ci da wuta a hankali, idan an ja kunama sai ta sunkuya ta taɓa albarushi. Ruwan sama na kashe ta, da dare kuma tana tona asirin mai ita. Wajen 1500 aka ƙago wata dabara a ƙasashen Jamus da Italiya, inda ake murɗa wani faifan ƙarfe da mabuɗi kamar yadda ake murɗa agogon bango, idan an ja kunama sai ya juya da sauri yana gogar wani dutse, tartsatsi ya tashi. Wannan ce ta haifi ƙaramar bindiga, domin a karon farko mutum na iya ɗura ta ya soke a cikin riga. Ba a jima ba sarakuna suka gane hatsarin. A 1584 aka harbe Yarima William na Orange, jagoran mutanen Holan, da irin wannan bindiga a cikin gidansa da ke Delft.

A farkon ƙarni na 17 wani maƙerin Faransa mai suna Marin le Bourgeoys ya daidaita bindiga mai ƙanƙara, wadda ke aiki kamar ƙyastun da kakanninmu ke kunna wuta da shi: dutse ya daki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan ɗan albarushin da ke wani ƙaramin kasko, wuta ta bi ta rami ta shiga ciki. Wannan ta yi mulki fiye da shekaru ɗari biyu. Amma duk ƙwarewar soja, da wuya ya wuce harbi uku a minti ɗaya. Mai ƙaramar bindiga kuwa, a tsakiyar artabu ba ya ma samun sararin ɗuri. Shi ya sa aka ruwaito cewa ɗan fashin teku Edward Teach, wanda aka kashe a 1718, kan rataya ƙananan bindigogi har shida a ƙirji, ya harba wannan ya zaro waccan.

Dabara Ta Farko: A Yawaita Baki

Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa bututu biyu ko fiye a ƙota ɗaya. Daga cikin irin waɗannan akwai wadda Turawan Ingila suka yi wa laƙabi da ƙafar agwagwa, domin bakunanta, galibi huɗu, a baje suke kamar yatsun agwagwa, kuma duk a lokaci ɗaya suke tashi. An yi ta ne a ƙarshen ƙarni na 18 domin mutum ɗaya da taro ya yi wa ca, kamar shugaban jirgin ruwa da ma'aikatansa suka yi wa bore, ko gandiroba a tsakiyar fursunoni. Haka nan wajen 1780 sojan ruwan Ingila suka sayi ɗaruruwan wata doguwar bindiga mai baki bakwai daga hannun Henry Nock na Landan. Sai dai dukan da take yi da baya ya isa ya ɓalla kafaɗar mai harbi, don haka ba a daɗe ba aka jingine ta. Ban da haka, mai baki huɗu ma idan ta yi aman wutarta sau ɗaya, an koma gidan jiya.

Dabara Ta Biyu: Ɗuri Kan Ɗuri

Wasu kuma suka ce a bar bututu ɗaya, amma a jera ɗuri da yawa a cikinsa: albarushi, harsashi, albarushi, harsashi, kowanne da ramin kunna shi, a fara da na kusa da baki a riƙa komawa baya. A 1777, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Amurka, wani mai suna Joseph Belton ya gabatar wa majalisar ƙasar irin wannan bindiga, har suka amince a yi musu guda 100 masu harbi takwas-takwas. Da ya faɗi ladan da yake so, sai suka janye. Aibin wannan tsari a fili yake. Idan wuta ta zarce harsashin da ke tare ta, ko aka yi kuskure aka fara kunna na can ciki, sai duk ɗurin ya tashi gaba ɗaya, bututu ya fashe a hannun mai shi.

Dabara Ta Uku: Rumbu A Cikin Ƙota

A nan ne fasahar maƙeran da ta kai ƙololuwa. Wasu 'yan gida ɗaya, zuriyar Kalthoff, asalinsu Jamusawa, suka ƙera bindiga mai rumbu biyu a jikinta, ɗaya na albarushi, ɗaya na harsasai. Peter Kalthoff ya sami takardar mallakar fasahar a Holan a 1641. Mai harbi zai tura wani hannun ƙarfe gaba ya dawo da shi, cikin daƙiƙa biyu bindiga ta ɗura kanta. Wasu daga cikinsu na ɗaukar harbi har 30. Dakarun fadar sarkin Danmak sun riƙe irinta lokacin da Suwidin ta yi wa birnin Kofanhegan ƙawanya a 1658 zuwa 1659.

Wadda ta fi shahara a ƙananan bindigogi ita ce mai ɗauke da sunan Michele Lorenzoni, maƙerin birnin Fulorans a Italiya, wanda ya yi aiki daga ƙarshen ƙarni na 17. A cikin ƙotar da ake riƙewa aka haƙa rumbunan biyu. A tsakiya akwai wani dunƙulen ƙarfe mai juyawa, mai ramuka biyu, da mariƙi a gefen hagu. Mutum zai sunkuyar da bakin bindiga ƙasa ya juya mariƙin: rami ɗaya ya ɗebi harsashi, ɗayan ya ɗebi albarushi daidai awo, ya kai su gindin bututu, ya zuba kaɗan a kasko, ya kuma ɗana kunama, duk a juyi ɗaya. Ana samun harbi bakwai zuwa tara kafin rumbu ya ƙare. Tun a 1664 wani jami'in sojan ruwan Ingila, Samuel Pepys, ya rubuta a littafin da yake ajiye labarin yininsa cewa ya ga ana gwada sabuwar bindiga mai harbi bi-da-bi. A 1756 wani John Cookson ya yi tallan mai harbi tara a jaridar birnin Boston, kuma har ƙarshen ƙarni na 18 maƙerin Landan H. W. Mortimer na ƙera su.

To, mai karatu zai tambaya, me ya hana sojoji rungumar wannan abin mamaki? Amsar ita ce, mai riƙe da ita a kan tulin albarushi ya dunƙule hannunsa. Abin da ya raba wutar harbi da rumbu shi ne dacewar dunƙulen nan da mazauninsa. Idan ya ɗan ci, ko datti ya hana shi zama daidai, tartsatsi ɗaya ya isa ya tarwatsa ƙota da yatsu. Garin neman ƙiba sai a samo rama. Daɗin daɗawa, kowace guda aikin watanni ce a hannun gwani, don haka ta tsaya a matsayin kayan alfarmar sarakuna da attajirai.

Dabara Ta Huɗu: Tulu Mai Juyawa

Dabarar da ta yi nasara a ƙarshe tsohuwa ce ƙwarai: a yi wani ɗan tulun ƙarfe mai ramuka, a ɗura kowane rami tun da wuri, a riƙa juya shi yana saitawa da bututu ɗaya. A gidan tarihi na Maihaugen a ƙasar Norwe akwai irinta mai rami takwas, wadda Hans Stopler ya ƙera a Nuremberg a 1597. A 1718 wani lauyan Landan, James Puckle, ya yi rajistar wata babba mai zama kan ƙafa uku, wadda aka ba da labarin ta yi harbi 63 cikin minti bakwai a wani gwaji a 1722. A takardar rajistar ya ware harsasai kewayayyu domin yaƙar Kiristoci, masu kusurwa huɗu kuma domin Turkawa, da zaton sun fi yin ɓarna. Masu zuba jari suka yi asara, bindigar ba ta sami kasuwa ba. A 1818 Elisha Collier, mutumin Boston, ya yi rajista a Landan ta ƙaramar bindiga mai ƙanƙara da tulu mai rami biyar, ana juya shi da hannu.

Abin da ya buɗe hanya daga wani wuri dabam ya fito. Wani limamin coci a Skotlan, Alexander Forsyth, mai sha'awar harbin tsuntsayen ruwa, ya lura cewa walƙiyar kasko na gargaɗin tsuntsu kafin harsashi ya fita. A 1807 ya yi rajistar kunna bindiga da wani sinadari mai tashi idan an doke shi. Cikin shekaru kaɗan aka sanya sinadarin a 'yar ƙaramar hular tagulla da ake kifawa kan ramin wuta. Da wannan aka rabu da ƙanƙara da kasko baki ɗaya, kowane rami ya sami maƙunninsa.

Nan da nan sababbin siffofi suka ɓarke. Akwai wadda aka yi wa laƙabi da mazubin barkono, inda tarin bututu ke juyawa gaba ɗaya. Ethan Allen a Amurka da Mariette a birnin Liège na Beljiyam suka yi ta ƙera ta daga ƙarshen shekarun 1830. Tana da araha, amma gabanta nauyi, saiti kuma sai a kusa. A 1837 John Cochran ya fito da wadda ramukanta ke kewaye da faifai kamar wayoyin ƙafar keke, wato a kowane lokaci akwai ɗurarren rami da ke kallon mai harbin kansa. A Faris, gidan Jarre suka yi wadda ramukanta ke jere a sandar ƙarfe mai zamewa gefe. A 1856 Jean LeMat na New Orleans ya yi rajistar mai harbi tara, da ƙarin wani faffaɗan bututu a tsakiya na harbin tsakuwar darma, an kuma yi amfani da ita a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865.

Samuel Colt

An haifi Samuel Colt a Hartford a 1814. Yana ɗan shekara 16 ya shiga aikin jirgin ruwa zuwa Kalkata, a wannan tafiya ce ya sassaƙa samfurin bindigarsa da itace. Abin da ya ƙara shi ne, ɗana kunama kaɗai ke juya tulu ya kuma kulle shi daidai saitin bututu. Ya sami rajista a Ingila a 1835, a Amurka kuma a ranar 25 ga Fabrairu, 1836. Ya kafa masana'anta a Paterson, amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, aka rufe ta a 1842.

A 1844 wasu 'yan sintirin Texas, waɗanda ba su kai ashirin ba, suka yi karo da mayaƙan ƙabilar Comanche da suka ninka su sau da yawa. Comanche, 'yan asalin ƙasar da ake ƙwace wa ƙasa, sun saba da jiran abokan gaba su yi harbin farko, sannan su auka musu kafin su ɗura. A ranar, harbi bai tsaya ba. Labarin ya kai ga gwamnati, a 1847 ta ba Colt kwangilar guda 1,000 masu harbi shida domin yaƙinta da Meziko. Nauyin kowace ya kai kilo biyu, kuma da dama tulunsu ya fashe saboda raunin ƙarfe. Duk da haka haƙarsa ta cimma ruwa. Ya nuna kayansa a babban baje kolin Landan na 1851, ya kuma buɗe katafariyar masana'anta a Hartford a 1855, inda injuna ke yanka sassa a kan awo ɗaya. Ita ce bindigar da Hausawa suka kira libarba.

Abin Da Ya Jawo Jinkiri

Idan muka lura, tulu mai juyawa ya girmi Colt da fiye da shekaru ɗari biyu. Abubuwa uku suka danne shi. Na farko, albarushi ƙazamin makamashi ne, fiye da rabinsa toka da maiƙo yake zama, bayan 'yan harbe-harbe sai sassa masu motsi su cije. Na biyu, garin albarushi a sake yake, tartsatsi na iya tsallakawa daga rami zuwa rami. Na uku kuma mafi girma, aikin hannu ba ya ba da awo ɗaya sau biyu. Idan wani sashe ya karye, sai maƙerin da ya yi ta ko takwaransa. Injin awo ya magance na uku. Harsashi mai kwanson tagulla, wanda Smith da Wesson suka sanya a libarbarsu mai harbi bakwai a 1857, ya magance na biyu. Sannan a 1884 Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi, a shekarar da Hiram Maxim ya fito da bindiga mai ɗura kanta da ƙarfin harbinta.

Yadda Abin Ya Shafe Mu

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasashenmu. Limamin Mai Idris Alooma na Borno, Ahmad ibn Fartuwa, ya rubuta cewa a ƙarni na 16 sarkin na da 'yan bindiga Turkawa da bayin fada da aka koya wa harbi. Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a cikin dogaransa. A 1826 Baturen nan Hugh Clapperton ya raka rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa wani birnin Gobirawa. Bindigogin da ya ƙirga a rundunar kimanin arba'in ne, ya kuma ga masu su na harbawa su ruga baya inda kibiya ba ta kaiwa, su ɗura su dawo. Ashe sunan da dattawa suka raɗa ba ƙage ba ne. A Damagaram kuwa, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa ana zuba igwa ana kuma haɗa albarushi a Zinder.

Yawancin bindigogin tokar da suka iso mu a Birmingham da Liège aka ƙera su musamman domin kasuwar Afirka, sannan maƙeranmu suka koyi gyara su da kwaikwayonsu. Lokacin da Turai ta wuce wannan mataki, sai ta rufe ƙofa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa kawai. Shekaru goma sha uku bayan haka aka ga sakamako: Kano a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato a ranar 15 ga Maris, sannan Burmi a ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa. Jaruntaka ba ta yi ƙaranci ba a waɗannan wurare. Amma masu doki da kibiya da harbi-ka-ruga ne suka fuskanci bindigar Maxim, wadda ba ta tsayawa ɗuri.

Kammalawa

A yau waɗancan ƙananan bindigogi na Lorenzoni da Collier suna cikin akwatunan gilashi a gidajen tarihi irin na Leeds a Ingila, kowace da takardar sunan maƙerinta da shekararta. Namu kuwa, ban da 'yan kaɗan da ake gani a wurare irin su Gidan Makama a Kano, suna nan jingine a ƙuryar ɗakunan tsofaffi, gara na cin ƙota, tsatsa na cin bututu, wasu kuma an auna wa 'yan gwangwan a kan kilo. Tsohon da ya san wanda ya ƙera ta da yaƙin ko farautar da ta je, shi ma lokaci na tafiya da shi.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa mazauna birane, idan kun zo gida Sallah, ku tambayi labarin bindigar kaka. Ku rubuta sunan mai ita, da maƙerin, da inda aka samo ta, ku ɗauki hotonta da na duk wani tambari da ke jikinta. Kada kowa ya gwada ta, kada kuma a kai ta kusa da wuta, domin tsohon ɗuri na iya yin shekaru da dama a ciki bai mutu ba. A kuma tuna cewa dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sanya bindigar toka cikin waɗanda ke iya buƙatar lasisi, don haka a nemi shawarar hukuma kafin a ɗauke ta daga inda take.

Mu da muka ga yadda bindiga mai harbi ba tsayawa ta tashi ƙauyuka ta hana noma a sassan Arewa, ba za mu karanta wannan tarihi da sha'awar fasaha kaɗai ba. Waccan 'yar tazara da ke tsakanin harbi da harbi, wadda maƙera suka shafe ƙarnuka suna neman kawarwa, a cikinta ne wani kan sami damar gudu, wani kuma zuciyarsa ta huce kafin ya gama ɗuri. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.